Bencin Ranar Talata

Shugaban asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, Hajiya uwargidan marigayi likitanmu, 'ya'yansa da ƙannensa, jama'a, assalamu alaikum.

Ina magana ne da yawun masu ciwon gwiwa, mu da muka saba cika dogon bencin ƙofar ɗakinsa duk Talata. Sauro muke ce masa saboda alluransa. Ƙanana ne, yakan jera su a ƙarƙashin fata kewaye da gwiwa, kafin ka ce wash ya gama.

Ya kasance mai faɗin gaskiya. Ranar farko ya ce mini, "Baba ɗan jarida, guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa. Zafi zan rage maka. Kada ka je ka rubuta na mayar da kai saurayi."

Ya kasance kuma da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba mu haushi. Aikin ba ya cin lokaci, amma kowa sai ya ce masa ya zo da hantsi. Mu taru muna jira, tsohon tela yana tsokanar tsohuwar malamar makaranta: "Malama, gwiwarki ta fi ƙofar shagona ƙara." Ita kuma ta ce, "Tawa dai tana buɗewa."

Na taɓa kai masa ƙorafin jiran. Ya rage murya ya ce, "Tun da matar tela ta rasu, daga shi sai keken ɗinki. In na sallame shi da wuri, da wa zai yi magana har wata Talatar?" Na fito na dubi bencin da kyau. Ba tela kaɗai ba ne. Ni ma ɗaki nake komawa in kunna rediyo, don kawai in ji muryar mutum.

Hajiya, ki yi haƙuri. Gidanki ya yi shiru, mun san irin wannan shirun.

Yanzu an ba kowannenmu lokacinsa daban. Tsari ne mai kyau, babu jira. Talatar da ta wuce tela ya karɓi allurarsa, ya fito ya zauna a bencin shi kaɗai har azahar. Ga shi can a kujerar baya. Da muke shigowa ya tambaye ni, "Wannan Talatar mu zo da hantsi?" Ranka ya daɗe shugaba, amsar tana wurinka.

Mun gode da kuka zo. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa juriya, ya ɗebe masa kewa a kabari kamar yadda ya ɗebe mana. Amin.