Safar Hannun Eliseo

Fada Anselmo, limamin cocinmu. Shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa ta Punta Arenas. Doña Edelmira, uwargidan marigayi, da 'yarsa Rosaura da jikoki. 'Yan uwa da abokan arziki, sannunmu da wannan rashi.

An zaɓe ni, Heriberto, in yi magana ba don na fi kowa baki ba. Mu bakwai, har da marigayi, muka shafe shekara guda a ƙasar ƙanƙara ta kudu, yau saura ni kaɗai.

Eliseo Barría ya kasance masassaƙin jirgi tun daga tsibirin Chiloé, kamar ubansa. Shi ya kafa mana bukkar katakon da muka zauna, taku shida ne tsawonta, mutum bai isa ya yi tusa a ɓoye ba. Ruwan sha sai mun saro ƙanƙara mun narka. Wanka sau ɗaya a wata, da ruwan da mutum biyu suka riga ka shiga. Da dankalinmu ya ƙare muka koma naman wata dabbar ruwa da ake kira karen teku, safe da yamma, har muka daina jin ƙarninsa. Wata biyu rana ba ta leƙo ba. Wallahi mun sha wuya, amma ku tambaye ni yau, babu shekarar da nake kewa kamarta.

Ya kasance mai tsokana. Ganyen shayin mate ɗaya zai shanya a kan murhu ya sake dafawa sau uku, ya miƙo mini ƙoƙon yana cewa sabo ne daga kanti. Ya kasance idan gardama ta kaure, sai ya ɗauko gizago ya hau gyaran ƙofar da ba ta lalace ba, har ƙarar ta sa kowa ya yi shiru.

Kun san shi da yatsu huɗu a hannun dama da hagu gaba ɗaya. Kun san bai sake riƙe gizago ba, ya ƙare rayuwarsa yana gadin sito a tashar jirgi. Kun kuma san labarin: wai sakaci ya yi, ya yar da safar hannunsa a cikin guguwa, sanyi ya cinye masa sauran yatsun. Doña Edelmira, shekara arba'in kina saƙa masa safa duk hunturu, ki haɗa su da dogon zare ta bayan wuya kamar na yara, wai kada ya sake yarwa. Haka yake ratsa gari da su, ana masa dariya yana taya su.

A can ƙanƙara, safar kowannenmu da igiyarta a wuya take. Ba ta faɗuwa. Mu bakwai mun san haka, muka yi shiru.

Ga abin da ya faru. Doka ce, mai zuwa ciyar da karnukan da ke ja mana kaya sai ya riƙe igiyar da aka ja daga bukka zuwa turakunsu. Ni da ƙuruciya da ganin na iya, na sake ta. Iska ta taso, na rasa gabas da yamma, ƙanƙara ta fashe da ni, na zurma cikin ruwa har gwiwa. Eliseo ne ya biyo ni. Ya same ni ƙafafuna sun mutu, igiyar takalmina ta daskare kamar waya. Ba a kwance ta da safa a hannu. Ya cire tasa, ya kwance, ya tura ƙafafuna cikin rigarsa a kan fatar cikinsa, ya rungume su har guguwar ta lafa.

Da muka iso bakin bukka na ce zan faɗa wa shugabanmu gaskiya. Ya san korata za a yi, ba zan sake hawa jirgi ba har abada. Ya ce, "Compadre, aminina, yatsun sun riga sun tafi. In ka yi magana, asara biyu ke nan. Rufe mini baki sai na mutu."

Na rufe. Na zama kyaftin, shi ya zama mai gadi. Alkawarinsa na riƙe, amma ba zan yi muku ƙarya ba, alkawarin ya yi mini daɗi, kuma kunyar hakan ba ta taɓa barina ba.

Rosaura, ubanki ba sakarai ba ne. Doña Edelmira, ki yafe mini. Mijinki bai yar da safarsa ba, cirewa ya yi. Ƙafafun nan da nake tsaye a kansu gabanki, da yatsunsa shida aka fanshe su.

Mun gode wa duk wanda ya tako cikin wannan sanyi. Allah ya jiƙan Eliseo, ya ba iyalinsa haƙuri, ya saukar da shi inda babu guguwa, inda hannu ba ya jin sanyi. Amin.