Layin Mutum Tara

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, manyan baƙi da ke kan kujerun gaba, da 'yan uwa maza da mata da ke tsaye cikin rana, assalamu alaikum.

Ina godiya ga kwamiti da ya tuna da tsohon mai hoto, ko da yake na san hoton ranar zaɓe da ke hannuna ake so a rataya, ba bakina ake so a ji ba.

Na farko, yau shekara talatin da zaɓen da Malamin Lissafi ya kayar da gwamna mai ci. A lokacin babu akwati, babu labule. A filin makarantar nan aka kafa hotunan 'yan takara biyu, kowa ya bi layin wanda yake so, ido na ganin ido. Yau tun safe nake jin masu jawabi: kowa bayan Malam ya tsaya, kowa ya sha barazana, kowa jarumi ne. Ikon Allah, ni da na leƙa ta kyamara a ranar, mutum tara na gani a layin Malam. Sauran unguwanni ne suka fitar da mu kunya.

Na biyu, layin gwamna mai ci har bakin rijiya ya kai, kuma na san hulunan da ke cikinsa. Ranka ya daɗe shugaban taro, kai ne na huɗu, ana riƙe maka lema.

Sai allon karramawar da za ku buɗe. Sunaye arba'in, amma babu na Inna mai sharar makaranta, wadda ta fara tsayawa bayan Malam da tsintsiyarta a hannu. Hedimasta ya matso ya ce, "Inna, ki tuna da aikinki." Ta ce, "Na tuna, ɗana. Shara ce, ko'ina akwai ta." Washegari aka sallame ta. Ga ta can bayan rumfa a tsaye, yau ma ba wanda ya ba ta kujera. Wallahi kunya nake ji, tunda ku ba ku ji ba.

Don haka hoton nan ba zai hau bango ba sai sunanta ya hau allo, a sama. In an ƙi, gobe zan wanke shi da girma in manna a bakin kasuwa, da layukan biyu duka, jikokinku su nemo ku.

Allah ya saka wa mutum taran nan da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sauranmu kuma, Allah ya dawo mana da tunaninmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.