Ba Zan Kori Telan Zaurena Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Baba Ɗanladi daga Bukan Sidi. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta mini.

Audu tela yana haya a zaurena. Ran Juma'a ya ce shi ya daina yarda akwai Allah. Maganar ta ƙona ni. Matasan unguwa suka zo suka ce, "Baba, fitar da keken ɗinkinsa, ko mu fitar." Na ce, "Sai dai ku fara da ni."

A Awe na taso, ubana yana alwala, abokinsa yana zuba wa dodo giya, kuma kwano ɗaya suke ci. Kullum ina musu da Audu, yana kayar da ni. Malaman da ke saurare, ku aiko mini da hujja. Duwatsun jifa kam yaran nan sun tara, su ba na so.