Mussa Ta Kwashe 'Ya'yanta

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Allah ya saka maka da ɗebe wa tsofaffi kewa.

Farkon zaman Nasara a Sakkwato, ina sabon ango, ban daɗe da gama makarantarsu ba. Muna da kyanwa, wadda mu nan muke ce wa mussa. Wata damina da hantsi ta riƙa kwashe 'ya'yanta daga ɗakin matata Hajo. In ta kai bakin ƙofa sai ta waigo ta yi mana kuka.

Innata ta ce, "Kai, fitar da yarinyar nan. Mussa ta ji abin da ba mu ji ba."

Na yi dariya, na ce camfi ne. Har na mayar da 'ya'yan ciki.

Bayan azahar ana ruwa, soron ya rufta. Hajo tana ciki tana kaɗi. Ba ta fito da rai ba.

Yanzu ni kaɗai nake a Unguwar Rogo, ƙafafuna sun ƙi. Tun safe mussata take kwashe 'ya'yanta daga ɗakina, saura ɗaya.

Ban san ranar da za ka karanta wannan ba. Maƙwabcin da ya ji, don Allah ya zo ya taya ni fitar da gadona. Wannan karon na ji ta.