Bargon Ƙyallaye

A kasuwar Kariakoo, Mama Zuwena na tonon buhun ƙyallayen tela, sai wata mai sarƙar gwal ta tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, tsumman goge-goge kike nema?"

"Bargo zan harhaɗa wa 'yata. Karatu za ta tafi Mbeya, garin sanyi."

"Da wannan tarkacen?"

"Ai ba ki ga komai ba, tsakiyarsa tsohon wandon ubanta ne. Ɗinkina kuwa sai ka ce tafiyar mashayi."

"'Yan ɗakinsu za su yi mata dariya."

Zuwena ta ci gaba da tono. "Ni ma in na shimfiɗa shi sai na dara."

Matar ta waiga, ta durƙusa kusa da ita.

"Shekara huɗu ana yi min dariyar nan a makaranta. Ni da buhun fulawa uwata ta haɗa nawa. Ajiye jan nan, zuba yake. Ɗauki koren."