Kwamfutar Baba a Cikin Akwati

Ƙanwa: Salamu alaikum, Yaya. Kana ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam, Auta. Ina wuni? Ya Umma, ya ƙarin haƙuri?

Ƙanwa: Haƙuri sai ma'abocinsa. Ya aiki? Ya su Anti?

Yaya: Lafiya lau. Ke, mura kike yi ne? Muryarki...

Ƙanwa: Yaya, kwamfutar Baba ce.

Yaya: Me? Layin yana tsinkewa, ɗaga murya.

Ƙanwa: Kwamfutar Baba! Ta ƙi tashi.

Yaya: Inna lillahi! Ba na ce kada ku kashe ta ba? Lambar sirrin, Baba kaɗai ya san ta. Na ce ku rufe murfin kawai, ku bar ta a caji har na zo na kwashe komai!

Ƙanwa: Wallahi ba mu kashe ba. Wata biyu ke nan tun rasuwarsa tana caji. Kullum da safe Umma sai ta buɗe ta saurari karatun da Baba ya ɗauka da muryarsa, wanda yake tari a tsakiya ya ce a rufe masa ƙofa.

Yaya: To me ya faru?

Ƙanwa: Jikoki suka zo jiya, suna ta taɓawa. Shi ne yau Umma ta naɗe ta a babbar rigarsa, ta sa a akwatinsa ta rufe, wayar caji kaɗai ta bari a waje.

Yaya: A akwati? Tana caji? Haba Auta! Ta ina za ta sha iska?

Ƙanwa: Ina makaranta fa! Da na dawo ƙauri ya cika ɗakin. Ko taɓuwa ba ta yi. Batirin ya kumbura, rigar ta babbake.

Yaya: Mai gyara fa?

Ƙanwa: Ya zo ya buɗe. Ya ce cikin ya narke, ba abin da zai fita.

Yaya: Laifina ne. Sau uku ina ɗaga zuwan nan saboda aiki. Umma ta sani?

Ƙanwa: Na kasa faɗa mata. Na ce zafi ta ɗauka. Tun azahar tana zaune da mafici tana yi mata fifita, ko abinci ba ta ci ba.

Yaya: Allah sarki Umma...

Ƙanwa: Ga ta nan tafe. Wai in ba ta wayar, za ta tambaye ka yaushe za ta huce.

Yaya: Dakata! Kada ki ba ta tukuna, me zan ce ma...

Ƙanwa: Yaya, katina ya kusa... Umma, ga shi.