Likkafani a Zauren Mawaƙin Tsoffin Soji

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ce Rabi daga Ƙauran Namoda.

Ƙanena Garba ya shekara ashirin yana yi wa tsoffin soji waƙa, yana kiran sunayen waɗanda suka mutu saboda ƙasar nan. Da Shari'a ta zo, ya rataye kalangu, ya koma rerawa da baki kawai. Jiya wasu samari suka ajiye masa likkafani a zaure, wai ya zaɓa: ko ya bar waƙa, ko ya mutu. A wane littafi suka karanta wannan hukuncin? Ni ma na yi karatu!

Yanzu tsoffin sojin Shinkafi da Zurmi sun zauna a ƙofarmu, sanye da takalman aiki, suna gadin Garba. Malam, wa zan kai wa kuka kafin a zubar da jini?